Rabin Ƙwaya

Tun tana yarinya Inna ke da ƙaramin maƙogwaro. Magana dai tana fita ta cikinsa ba wahala, har ta fi yadda ake so, amma ƙwayar magani in ba an raba ta biyu ba sai ta toge a hanya. Shi ya sa ranar da aka sallamo ta daga asibiti, da ƙarfe a ƙugu da ledar magani a hannu, reza ta fara nema. Ta ɗora faranti a cinya ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Tela ce, ta ƙare ƙuruciyarta tana yanka yadin mutane, hannunta bai san karkata ba. Kowace ƙwaya ta rabu tsaf, ba gari ba ɓarɓashi. Ta zuba su a tsohon gwangwanin maɓallai ta tura ƙarƙashin filo.

Kwalbar maganin tari ce ta kayar da ita. A benen nan irin waɗannan kwalabe sun fi takalma yawa a matattakala, alhali ba ka jin mai tari. Hawa biyar ne, lif ɗinsa ya mutu tun kafin a haifi wasu 'yan hayar, kuma kowane lungu da masu zamansa: samari da 'yan mata masu idanu a lumshe, ka gaishe su da safe su amsa da azahar. Inna na zaune a hawa na huɗu tare da ɗanta, wanda kowa ke kira Akawu, da matarsa Malama. Shagonta yana ƙasa, dab da ƙofar shiga, da keken ɗinkinta na ƙafa. An sha ce mata ta sayi mai lantarki, ta ce ita ba ta zaman jiran wuta, tata wutar tana ƙafarta ta dama. To wannan ƙafar ce ta taka kwalba.

Mai gashin ƙashi da aka haɗa ta da shi a asibiti bai ɓoye mata komai ba.

"Inna, aikin likita ya ƙare, saura naki," in ji shi. "Ki sha magani, ki jira ya kama jiki, ki tashi ki taka. Kullum. In kika bar ƙafar nan ta kwanta za ta sandare, in kuwa ta sandare ni ma ba ni da yadda zan yi da ita."

"Zan taka keke?"

"In kin ji magana."

"Ni da ban taɓa jin maganar mijina ba, ga shi yau zan ji ta yaro," in ji Inna. "To na ji."

Ta kuwa ji. Autarta, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, ita ke aiko da maganin duk wata ta hannun direba, a danƙa wa Inna hannu da hannu. Inna ta yanka, ta haɗiya, ta jira, ta kama sanda. Yau daga gado zuwa ƙofar ɗaki, gobe zuwa falo. Ba a daɗe ba ta fara leƙa baranda tana wa maƙwabta tsiya.

Maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon tasu shi ake kira Sannu-sannu, saboda yadda magana ke fita daga bakinsa. Da mai gyaran wutar lantarki ne, kuma gwani, kafin ƙwaya ta karɓe masa aikin. Inna ce ta ɗinka masa kayan makaranta lokacin mahaifiyarsa na da rai. Yana da ladabi, wannan kam ba a raba shi da shi. Ya taɓa ɗauke silifas ɗinta daga bakin ƙofa, washegari ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta da su a ƙafarsa.

"Sun yi maka daidai?" ta tambaye shi.

"Sun... ɗan matse, Mama."

"Ka yi haƙuri, in zan sayi wasu zan auna ka."

Ana cikin haka Akawu ya sayi mota. Tsohuwa ce, ja, ta sha hannu, amma shi a wurinsa ba a taɓa ƙera irinta ba. Ya saya mata tamfol, ya saya mata tsumma na musamman, ya ajiye ta a ƙasa kusa da shagon Inna da ke rufe. Da gari ya waye madubin gefe ɗaya ya yi tafiya. Ya sayo wani, aka tafi da ɗayan. Ranar da aka cire batir, tun daga hawa na huɗu Inna ta ji muryarsa yana kiran sunayen iyayen mutanen da bai san ko su waye ba.

Bayan kwana biyu ya shigo ɗakinta da fuskar mai nasiha. Akawu mutum ne mai guga a riga, mai magana a hankali, irin wanda in ya ɗauki abinka sai ka ji kamar kai ya kamata ka yi godiya.

"Inna, maganin nan naki shi ne fa wanda yaran nan ke kashe kansu a kai. In suka ji yana ƙarƙashin filonki, ƙofa za su ɓalla ranar da muke wurin aiki. Kawo in kulle a durowata, ni zan riƙa ba ki safe da yamma."

Maganar ta yi ma'ana. Inna ta miƙa gwangwanin, har da sa masa albarka.

Daga nan mota ta samu lafiya. Ba wanda ya sake taɓa ta. Motar mai gidan burodi da ke gefenta aka yi mata tsirara, babur ɗin wani ɗan haya aka bar masa sarƙa da kwaɗo ya yi ta kallo, amma jar motar ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Malama ta ce addu'a ce. Inna ta ce ai ɗanta tun yana goye yake da farin jini.

Sai dai ita Inna maganin ya fara yi mata rowa. Da rabi biyu take sha, yanzu Akawu ya ce ɗaya ya isa.

"Na karanta a waya," ya ce. "Sabawa ake yi da shi. So kike ki zama irin na matattakala? A ce uwar Akawu ta koma 'yar ƙwaya?"

"A shekaruna? In na yi maye ina za ni, falo?"

"Inna, ki daure. Ciwo ai ɗan haƙuri ne, in kika saba zai wuce."

Ta daure. Baranda ta yi mata nisa, ta koma tsayawa a falo. Daga baya falon ma ya yi nisa. Takan haɗiyi rabin, ta zauna jiran ya kama jiki kamar yadda aka ce, ta jira har shayinta ya huce, shiru. In ta kama sanda ta miƙe sai ta ji kamar an soka mata almakashi a ƙugu an buɗe shi. Ta yi taku biyu ta koma ta zauna tana haki, gumi na bin wuyanta.

Wata safiya ta juya rabin ƙwayar a tafin hannunta ta ƙura mata ido. Gefen a karkace yake, kamar ɓera ya gutsira.

"Wannan ba yankana ba ne," ta ce.

"Gogewa suke yi a cikin gwangwani," in ji Akawu yana duba agogo. "Sha mana, Inna, zan makara."

"Kuma na da ya fi ɗaci."

"Kamfani ne ya canza. Ke komai sai kin auna shi da tef."

Ta yi dariya ta sha, don gaskiya ne, komai sai ta auna. Ɗanta ne kawai ba ta taɓa sa wa tef ba.

Malama kuwa, wadda ke koyar da yara a makarantar firamare, tana da amsa ga kowane nishi. In Inna ta ce ƙafar ta hana ta barci, ta ce sanyi ne. In ta ce da rana ma haka ne, ta ce zafi ne. Ta kawo mata man zafi, ta kawo ruwan ɗumi a roba, ta ce tsufa ne, ita ma kakarta haka ta yi. Ba muguwa ba ce, a bar wa gaskiya haƙƙinta. Ita ke kai ta banɗaki, ita ke wanke zannuwa. Amma duk lokacin da Akawu ya miƙo rabin ƙwayar nan, sai Malama ta tuna ta bar wani abu a kan wuta.

Auta ta kira a waya, Inna ta ce da sauƙi, don ba ta son tayar wa yarinya hankali a wurin aiki. Amma muryar ta tona ta. Auta ta yi magana da likita, aka ƙara yawan maganin. Da kwalin ya iso Inna ta zauna ta yanka shi tas, layin ko ɗaya bai karkace ba, ta cika gwangwani ta miƙa wa Akawu. A satin nan aka fara wanke jar motar kowace safiya. Ta taga Inna kan ji ƙarar bokiti da waƙar Sannu-sannu, mai jan baiti ɗaya har ruwan ya ƙare.

"Yaron nan ya shiryu," ta ce wa Malama. "Har wankin mota yake yi."

Malama ta ce bari ta duba tukunya.

Ranar komawa asibiti ta zo, aka ɗaga, don Akawu na da taro a ofis. Aka sake ɗagawa, don an yi ruwa kuma ba ya son taɓo ya ɓata tayoyi. Kafin a sa rana ta uku Inna ta daina taɓa sanda. Ƙafar ta rame ta lanƙwashe, in an miƙar da ita sai ta koma. Mace mai baki kamar rediyo ta koma kallon silin, tana motsa yatsun ƙafarta a cikin zane kamar mai taka keke, don kada su manta. Abin da ya fi ciwon ci mata rai shi ne tana ganin laifinta ne. An ba ta magani, an ce ta taka, ta kasa. Ta yi ta kiran kanta raguwa.

Da ranar ta tabbata, sai aka tarar ba yadda za ta sauka. Akawu ya ce shi bayansa ba ya son nauyi, ya kira Sannu-sannu da wani abokinsa, suka ɗora Inna a kujerar roba suka ɗauka. Shi ya riga su sauka don ya ɗumama inji. Malama na biye da jaka.

"In kuka yar da ni," in ji Inna, "ku tabbata na mutu, don in na rayu ba ku da wurin zama a garin nan."

Suka yi dariya. A hawa na biyu numfashinsu ya ƙare, suka dire kujerar. Sannu-sannu ya tsuguna a gabanta yana sosa ƙeya.

"Mama... ina da ɗan roƙo, in ba za ki ji haushi ba."

"Silifas ɗin sun tsinke?"

"A'a. Maganin nan ne. Don Allah... ki daina raba shi biyu. Yaran nan cewa suke ni ke cinye rabi. Jiya har an shaƙe ni."

Ya zaro kwalin ashana daga aljihu ya tura shi ya buɗe. Rabi-rabi ne a ciki, farare, kowanne da gefe miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Inna ba ta buƙaci tabarau ba. Ko a cikin duhu ta san yankanta.

"Wa ke ba ka?" ta tambaya.

"Akawu mana. Na gadin mota ne. Ya ce kin warke, ke kika ce a ba mu... Ai kullum muna sa miki albarka, Mama. Naki ya fi na kasuwa kyau, ba algus."

Inna ta juya ta dubi Malama. Malama na karanta wani rubutu da yara suka yi a bango da gawayi, kamar za a yi mata jarrabawa a kansa. A nan babu tukunyar da za ta duba.

"Ku ɗauke ni," in ji Inna.

A ƙasa jar motar na ta ƙyalli, madubai biyu cif, inji na kaɗawa a hankali. Wannan ne karo na farko da Inna ta gan ta ido da ido. Ta sa aka dire kujerar a gabanta, ta dube ta daga gaba har baya, yadda take duban yadi kafin ta sa almakashi.

"Masha Allahu," ta ce. "Ashe ita ke shan maganin. Ya kuwa karɓe ta."

Akawu ya dubi Sannu-sannu, ya dubi kwalin ashanar da har yanzu ke hannunsa, ya gyara wuyan riga.

"Inna, ba a nan ba. Mutane na ji."

"Ni me nake sha?"

"Na ciwon kai ne, na kanti. Shi ma ai magani ne, kuma ba ya sa maye. Taimakonki na yi, wata rana za ki gode mini." Ya rage murya. "Kin san halin gidan nan. In ba ka ba su ba, ɗauka za su yi. Motar nan don wa na saye ta? Ba don in riƙa kai ki asibiti ba? Da na bari sun kwance ta, yau da me za mu je?"

"Da ƙafata," in ji Inna.

"Inna, mun ɗauka na ɗan lokaci ne," in ji Malama, idonta a ƙasa. "Cewa ya yi sai ya samu gareji."

Inna ta so ta ce ba za ta shiga ba. Ta so ta miƙe ta tare tasi a titi su bi ta da kallo. Amma fushi irin wannan sai mai ƙafa. Aka cicciɓe ta aka sa a kujerar baya, Akawu na cewa a yi hankali da ƙofa.

Mai gashin ƙashi ya daɗe yana juya ƙafar. Ya lanƙwasa, ya ja, ya dubi hoton da aka ɗauka, ya ajiye.

"Inna, ba ki ji magana ba," ya ce, kuma da gaske abin ya dame shi. "Kin zo a makare. Ƙugun ya riƙe. Za mu yi ƙoƙari a rage miki ciwo, amma takawa kam, kada in yi miki ƙarya. Ba ki sha maganin ba ne?"

Akawu na tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota. Inna ta dube shi. Ita ta haife shi, kuma ko a wannan lokacin bakinta ya ƙi ya tona shi a gaban baƙo.

"Magani dai an sha," ta ce.

Da suka koma gida ta aiki Malama ta ɗauko gwangwanin, Malama ta kawo ba musu. Inna ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta kira Auta ta faɗa mata komai tiryan-tiryan, ba ragi ba ƙari. A ƙarshe ta ce, "Ki zo ki ɗauke ni."

A benen nan, in aka tashi lissafa 'yan ƙwaya, na matattakala ake nunawa, kuma ba ƙarya aka yi musu ba. Sun sace silifas, sun zubar da kwalbar da ta karya tsohuwa, sun shanye maganinta suna sa mata albarka. Amma su kowa ya san su, kowa na kulle ƙofarsa saboda su. Akawu ko rabin ƙwaya bai taɓa haɗiya ba. Idonsa garau, hankalinsa ɗaya, ya tsaya a kan mahaifiyarsa safe da yamma yana miƙa mata maganin kanti da kofin ruwa, yana kallonta tana cije leɓe. Har gobe shi ake kira in za a yi taron 'yan haya kan matsalar shaye-shaye, don ya fi kowa iya magana.

Gadi ya tsaya ranar da gwangwani ya koma hannun mai shi. Safiyar da Auta ta iso da motar haya da keken guragu, jar motar na zaune a kan bulo. Ba tayoyi, ba madubai, ba batir, tamfol ɗin ma an tafi da shi. Da aka sauko da Inna suka tarar da Akawu tsugune a gefenta ya dafe kai, hawaye shaɓe-shaɓe. Duk watannin da ta yi tana nishi a ɗaki, Inna ba ta taɓa ganin idonsa ya jiƙe ba.

Ta ce wa Auta ta matsa da keken kusa. Ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa.

"Ka daure," ta ce masa a hankali. "Ciwo ai ɗan haƙuri ne. In ka saba zai wuce."

Sannu-sannu ne ya ɗauko jakarta har mota, idonsa na kan ƙullin zaninta, ya yi mata addu'ar sauka lafiya. Auta ta buɗe shagon don ta kwaso abin da za a iya ɗauka. Ƙura ta rufe komai, rigar da Inna ta fara kafin ta faɗi tana nan maƙale a ƙarƙashin allura. Auta ta leƙo.

"Inna, akwai wuri a but ɗin mota. A sa keken ɗinkin?"

Inna ta dube shi daga inda take zaune. Yatsun ƙafarta suka ɗan motsa a cikin zane, suka tsaya.

"Bar shi," ta ce. "Na ƙafa ne."